Sabon kwatabak: a sa shi wasa nan take ko ya zauna a benci?

Ɗan'uwa, ka ce magoya bayan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), na ta gardama kan ko matashin kwatabak, mai jagorantar hari da jifan ƙwallo, ya fara wasa shekarar da aka ɗauko shi, ko ya jira. A ganina amsar tana ga 'yan layin gaba masu ba shi kariya da kocin da ya samu.

Masu cewa ya jira suna kafa hujja da Patrick Mahomes. A 2017 Alex Smith ne ke wasa a Kansas City, shi yana kallo, sai wasan ƙarshe aka sa shi. A 2018 ya yi jifan da ya kai ga cin maki (touchdown) sau 50, ya zama gwarzon shekara. Sai dai suna mantawa Andy Reid ne kocinsa, ƙungiyar kuma a shirye take. Aaron Rodgers ma shekara uku ya yi yana jira a bayan Brett Favre.

To amma Peyton Manning fa? A 1998 aka jefa shi fili, abokan hamayya suka cafke jifansa sau 28, daga baya ya gagari kowa.

Wanda ke ba ni tausayi David Carr ne. A 2002 Houston sabuwar ƙungiya ce, layin gabanta rariya, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76. Yaron da ya sha irin wannan duka, idonsa kan koma kan masu rugowa, ya daina duba wanda zai jefa wa. In ƙungiyarku haka take, ku bar yaron a benci, ku fara gyara layin.