Amsa ga ɗalibar da PCR ɗinta na wake ya ƙi fitowa a jel

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina ajin ƙarshe a Samaru, furojet ɗinki kan bambancin irin wake ne ta hanyar alamomin SSR (gajerun maimaice-maimaice a cikin DNA da tsawonsu ke bambanta daga iri zuwa iri), kin yi PCR, wato aikin ninka gutsuren DNA, sau uku jel ɗin da ake ganin sakamako a kai yana fitowa fayau ko layi ɗaya babu, sinadarai sun kusa ƙarewa, kuma kina zargin firaima, ɗan guntun DNA ɗin da ke nuna inda ninkin zai fara. Tana iya zama ita ce, amma ba daga kanta zan fara ba. Kada ki sake kunna injin PCR sai kin ga DNA ɗinki da idonki.

Ki haɗa jel na kashi 0.8 cikin ɗari, wato giram 0.8 na agaros a mililita 100 na bafar TAE, ki ɗora maikurolita 5 daga kowane samfur, ki bar shi minti 40 a kan bolt 80 zuwa 100. DNA mai kyau yana tsayawa a layi guda mai kauri kusa da ramukan. In kika ga ya ja tsawon jel kamar an goga alli, ya kakkarye. Hasken da ke taruwa can ƙasa RNA ne, wannan mai sauƙi ne, RNase, sinadarin da ke narkar da RNA, na minti 30 a digiri 37 ya ishe shi. In kuwa babu komai, babu abin da kika riƙa zubawa a PCR sai ruwa.

Yawancin ɓarnar daga ganye take farawa. Tsohon ganyen wake cike yake da sinadaran da ke sa shi yin baƙi in an murje, waɗanda ke manne wa DNA su hana Taq, sinadarin da ke ninka DNA a PCR, aiki. Ki shuka irin a tukwane, ki tsinki ɗanyen ganyen sama bayan mako biyu zuwa uku, da sassafe, ki jefa shi cikin ƙanƙara nan take. In daga gona mai nisa za ki ɗebo, wajen Giwa ko Soba, ki sa shi a ambulan ki rufe cikin leda da silika, ya bushe da sauri. Ɗanyen ganye a leda cikin mota da rana, ya lalace kafin ki iso. Miligiram 100 ya isa. Ɗalibai suna cika turmi da ganye don su sami DNA da yawa, ba su san datti suke ƙarawa ba.

Bafar CTAB, wadda ake fitar da DNA daga ganye da ita, ki duba haɗinta da kyau: CTAB kashi 2 cikin ɗari, Tris milimola 100 a pH 8, EDTA milimola 20, gishirin NaCl mola 1.4, sai PVP kashi 1 zuwa 2. Makaftoyitanol, mai warin nan, ranar aiki ake sa shi, maikurolita 2 a kowane mililita. Da hunturu CTAB kan daskare a gindin kwalba saboda sanyin asuba na Zariya, mutum ya ɗebi ruwan sama yana zaton bafa ce. Ki ɗumama ta a digiri 65 har ta washe. Rashin ruwan naitirojin ba ya hana aiki: ki niƙa ganyen cikin maikurolita 700 na bafa mai ɗumi da ɗan tsaftataccen yashi, da hanzari.

Daga nan minti 45 a digiri 65, kina juya bututun a hankali duk minti goma. Ki bari ya huce, ki zuba kulorofom da aisowamil 24 bisa 1 daidai yawan ruwan, ki jujjuya, ki kaɗa a santirifuj minti 10 a kan juyi 12,000 a minti. A nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. Ruwan sama kaɗai za ki ɗiba, kuma gara ki bar sulusinsa da bakin fifet ya taɓa farin dattin da ke tsakiya. In ruwan bai washe ba, ki maimaita kulorofom ɗin. Sai aisofurofanol mai sanyi, kashi biyu bisa uku na abin da kika ɗiba, minti 30 a firiza, ki kaɗa, ki wanke ɗan dunƙulen da itanol na kashi 70 sau biyu. Ki bar shi ya sha iska har warin itanol ya tafi, minti 15 zuwa 20, domin ragowarsa kaɗai kan kashe PCR. Dunƙule fari shi ake so. Mai ruwan ƙasa ko mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, akwai magana.

Kulorofom kuma a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska ake buɗe shi. Don Allah kada ki yi wasa da wannan.

Idan akwai na'urar awon tsafta, 260/280 ya kasance wajen 1.8, 260/230 kuma kusa da 2. In na biyun ya faɗi ƙasa sosai, ki surka DNA ɗin da ruwan PCR, ɗaya bisa goma da ɗaya bisa hamsin, ki gwada su tare. Sau da yawa surkakken ne yake fitowa, saboda dattin ya yi ƙaranci alhali nanogiram 20 zuwa 50 sun wadatar da aikin.

Yanzu PCR. A maikurolita 25: haɗaɗɗen masta miks (ruwan da ke ɗauke da Taq da sauran kayan aikin) 12.5, kowace firaima 0.5, DNA 1 ko 2, ruwa ya cike. Ki tabbata firaimar da kike ɗiba ta maikuromola 10 ce. Ta 100 ajiya ce, ana ɗibar 10 daga cikinta a zuba ruwa 90. Zafi: 94 na minti 3, sai zagaye 35 na 94 daƙiƙa 30, 55 daƙiƙa 30, 72 minti ɗaya, a rufe da 72 na minti 7. Wannan 55 ɗin ba dole ba ne, in injin yana iya bambanta zafi tsakanin ramuka ki gwada daga 50 zuwa 60.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne bututu uku na shaida. Ɗaya ruwa a madadin DNA. Ɗaya DNA ɗin wake da aka riga aka san yana aiki, ki roƙi ɗan digiri na biyu ko ma'aikacin ɗakin gwaji. Na uku, wancan mai aikin a gauraye da naki. In na biyu ya fito na uku ya ƙi, datti ne a samfurinki. In duka sun ƙi, ki koma kan masta miks ko firaima, kuma masta miks ɗin da ya narke ya daskare sau da yawa saboda ɗaukewar wuta shi ne farkon abin zargi. Shi ya sa ake rarraba shi a ƙananan bututu tun ranar da ya iso, a ajiye a firizar da ke kan janareto. In na ruwa ya ba da layi, wani abu ya gurɓata, ki canza ruwa da bakin fifet, ki rufe tagogi saboda ƙura.

Kafin duk wannan ma, tsanin awo, wato layukan DNA da ake auna tsawo da su, ya fito a jel ɗinki na baya? In shi ma bai fito ba, matsalar a jel take: an dafa agaros da ruwa maimakon bafa, ko an manta rini, ko an juya wayoyi. DNA wajen jar waya yake tafiya, don haka ramuka a ɓangaren baƙa suke zama. In rinin itidiyam ne, safar hannu dole.

Ranar da layuka suka fara fitowa, in sha Allah, ki koma jel na kashi 3 da tsanin 50 ko 100, domin gutsattsarin SSR ƙanana ne, galibi tsakanin bp 100 da 300 (bp shi ne ma'aunin tsawon DNA), kuma bambancinsu kaɗan ne. Wake kansa yake yi wa barbara, saboda haka layi ɗaya za ki fi gani a kowane iri. Layi biyu na iya nufin kin haɗa ganyen tsiro biyu, abin da ke yawan faruwa da irin da aka auno a kasuwa, don haka tsiro ɗaya bututu ɗaya. Ki nemi wani ingantaccen irin wake na SAMPEA daga IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, ki riƙa ɗora shi a kowane jel don kwatance. Kuma ki zauna da malamin da ke duba aikinki ku rage yawan: iri goma sha biyu da firaima biyar PCR sittin ke nan, ban da na shaida da na maimaici, ki lissafa ki ga ko masta miks ɗin da ya rage zai kai.