Filin Tambaya: Ganyen cikin akwatin kifi, wanne za a saya kuma wane taki za a zuba?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya ne, masu ajiye kifin kwalliya a akwatin gilashi ne ke kuka da shukar da suke sakawa a ciki, wasu ta ruɓe wasu ta ƙi girma. Toh bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na saya wa yarana akwatin kifi mai cin lita 60 da 'yan ƙananan kifi irin guppy, mai shagon ya haɗa min da ganye kala uku masu kyau sosai, wallahi ko wata ba a yi ba duk suka ruɓe ruwan ya fara wari. Dan Allah wane iri ne zai jure, ga shi unguwarmu wuta ba ta zama? Daga wata uwargida a Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Hajiya sannu da haƙuri. Tunda kika ce masu kyau sosai, zargina na farko shi ne ba shukar ruwa aka sayar miki ba tun asali. Akwai ganyayyakin ado na cikin falo da ake tsomawa a ruwa a shago don su ja ido, musamman wannan mai kama da ƙaramin gora da ake ce wa lucky bamboo, da masu ratsin fari da kore, da wani mai launin shuni a ƙasan ganye. Waɗannan saiwarsu na iya zama a ruwa amma ganyensu iska yake so, in kika nutsar da shi gaba ɗaya zai yi 'yan makonni yana yaudararki kafin ya narke. Don haka in kin koma kar ki ce a ba ki "mai kyau", ki tambayi suna, in mai shago bai san sunan abin da yake sayarwa ba ki ƙara gaba.

Sunan farko da za ki riƙe shi ne Anubias. Ni dai in mutum zai fara, wannan nake cewa ya saya ko da shi kaɗai ne. Ganyensa kauri ne da shi, koren duhu, ba ya son haske mai yawa don asalinsa a bakin rafukan cikin kurmi yake fitowa ƙarƙashin inuwa, saboda haka in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba ko a jikinsa. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ɗan gida ne, a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru yake tsirowa da kansa, har ma wanda aka fi sayarwa, Anubias barteri, sunan wani Bature mai tattara tsirrai aka sa masa, Charles Barter, wanda ya biyo tawagar binciken kogin Kwara ya mutu a garin Rabba da ke bakin kogin a 1859. Yau ga shi a gonakin ƙasashen waje ake renonsa a dawo mana da shi da tsada. Allah ya kyauta.

Inda ake kashe shi wuri ɗaya ne, wajen dasawa. Yana da wani kara mai kauri da yake kwanciya a kwance, ganye na fita ta sama saiwa ta ƙasa, wannan karan ba a binne shi cikin yashi ko tsakuwa, in kika binne zai ruɓe. Ki samu dutse ko guntun itacen da aka tanada don akwatin kifi ki ɗaura shi da zaren ɗinki, bayan wata ɗaya ko biyu saiwar za ta kama da kanta. Java fern ma haka ake masa, shi ma mai haƙuri ne, kuma in kika ga ɗigo-ɗigon baƙi a jere a bayan ganyensa kar ki tsorata ki yanke, ba cuta ba ce, irinsa ne. Sai Vallisneria, mai dogayen ganye kamar ciyawa, shi a yashi ake dasa shi ta bayan akwatin, in ya samu wuri da kansa yake miƙa 'ya'ya har sai kin fara rabar wa maƙota. Waɗannan ukun sun ishe ki.

Abin da zan hana ki: jajayen ganyayyaki da kuma 'yan ƙananan nan da ke shimfiɗuwa a ƙasa irin wanda kike gani a bidiyon intanet. Suna son fitila mai ƙarfi kullum ba fashi, da tukunyar iskar kabon da ake hura musu, kuɗi ne kawai za ki zubar. Kuma da yake Abuja kike, watan Maris da Afrilu ruwan akwati na iya haura digiri 30, yawancin shukokin nan sun fi jin daɗi tsakanin 22 zuwa 28, to kar ki ajiye shi jikin taga, ki buɗe murfin ki bar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Ruwan famfo kuma akwai sinadarin kulorin a ciki, ki sa maganin cire shi da ake sayarwa a shagon kifi kafin ki zuba.

Tambaya: Yaya ina da ragowar takin zamani NPK 15-15-15 da yuriya daga gonar dankalin babanmu, shukar akwatina ganyenta na yin rawaya, zan iya barbaɗa kaɗan? Daga wani ɗalibi, Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Ƙanena a'a, mayar da shi gona. Bari in maka lissafi ka gani da idonka. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, kuma da ta shiga ruwa ƙwayoyin halitta ke mayar da ita amoniya. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a akwati mai lita 60 zai ba ka sama da miligiram 30 na amoniya a kowace lita, alhali kifi tun daga miligiram 1 yake fara wahala, za ka gan shi ya taso sama yana haki. NPK na buhu shi ma mafi yawan naitirojin ɗinsa irin wannan ne, ga fosfet mai yawa a kai. A gona ƙasa ce ke riƙe takin ruwan sama ya wanke saura, a akwati babu inda zai je, yana nan tare da kifin.

Abin da ya kamata ka gane shi ne kifinka ma taki yake bayarwa kullum. Abincin da ka zuba, ya ci ya yi kashi, ƙwayoyin da ke cikin matatar ruwa su juya shi ya koma naitiret, wato wani nau'in naitirojin, shuka ta sha. Akwatin da ke da kifi daidai gwargwado da shuka masu girma a hankali irin Anubias sau da yawa naitirojin da fosforas ba sa yanke masa. Abin da kan yi ƙaranci shi ne fotasiyam da sinadarin ƙarfe, don abincin kifi ba ya ɗauke da su da yawa. Shi ya sa kafin ka sayi komai ka tsaya ka duba wane ganye ne ke rawaya. In tsofaffin na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya suna zubewa, naitirojin ne ya gaza, shukar na kwashe shi daga tsoho tana kai wa sabo. In sabon toho ne ke fitowa fari-fari ko rawaya amma jijiyoyinsa kore, ƙarfe ne. In kuma ƙananan huji ne kamar an soka allura a tsohon ganye gefen hujin ya yi rawaya, fotasiyam ne. Amma in satin nan ka dasa ta, ka ƙyale ta tukuna, yawancin shukar da ake sayarwa ba a cikin ruwa aka rene ta ba, dole ta zubar da tsohon ganye ta fitar da na cikin ruwa, wata shukar da ake kira Cryptocoryne ma har ƙasa take narkewa sai ka ɗauka ta mutu, bayan 'yan makonni ka ga ta toho muddin ba ka tumɓuke saiwar ba.

Takin kuma iri biyu ne, ya danganta da ta inda shukar ke ci. Masu ci ta ganye, wato Anubias da Java fern da masu yawo a saman ruwa, na ruwa ake ɗiga musu, irin su Seachem Flourish ko API Leaf Zone, na biyun nan ma fotasiyam da ƙarfe ne zalla. Masu ci ta saiwa, Amazon sword da Cryptocoryne da bado, ƙwayar taki ake tura musu can ƙasan yashi kusa da saiwa, duk wata biyu zuwa uku a sake. Shawarata ka fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a sati bayan ka canja ruwa, domin ma'aunin da suke rubutawa na wanda akwatinsa ke cike da shuka ne kuma fitilarsa ba ta mutuwa, kai da wuta ke zuwa yau gobe babu in ka zuba cikakke shukar ba za ta iya shanyewa ba, gansakuka ce za ta ci riba, gilashi ya yi kore ganye ya yi gashi. Kuma duk satin da aka yi babu wuta sosai, tsallake takin kwata-kwata.

Maganar fitila, awa 6 zuwa 8 a rana ya isa. Wasu in wuta ta dawo sai su bar ta a kunne har asuba wai ramuwa, ba a rama haske, gansakuka kawai kake kiwo. In kana da ƙaramar sola ko batir, fitilar LED ta akwatin lita 60 ba ta cin wani abin kirki, gara ka haɗa ta da famfon iska a kai. Ruwa kuma ka riƙa cire kashi ɗaya cikin huɗu duk sati ka zuba sabo, wanda ka cire ka kai wa tukunyar fulawar mama, nan ne taki zai yi amfani.

Tambaya: Malam me zai hana in je bakin tafkin Jabi ko wani rafi in ɗebo kainuwa da bado kyauta, tunda na shago tsada? Daga wani magidanci a Kubwa.

Amsa: Ranka ya daɗe tunaninka ba laifi, su biyun duk ana saka su a akwati. Kainuwa dashen Allah, ita ba ta buƙatar yashi, tana saman ruwa saiwarta na reto tana zuƙe dattin kifi da sauri, 'ya'yan guppy ma a cikin saiwar suke ɓuya. Sai dai ka riƙa rage ta kar ta rufe sama duka ta hana na ƙasa haske, kuma ba ta son murfi a rufe ruf raɓa na ɗiga mata. Badon nan namu shi ne wanda Turawa ke sayarwa da sunan tiger lotus, ka ɗora ƙwallon saiwarsa a kan yashi rabinsa a waje.

Amma fa abin da ke biyo su shi ne matsalar. Ruwan rafi da kududdufi a ƙasar nan akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ciwon fitsarin jini, kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Ka kawo wannan falo inda yara ke tsoma hannu? Ga matsattsaku, ga 'ya'yan ƙwarin ruwa masu cinye ƙananan kifi. In dole sai ka ɗebo, sa safar roba, ka wanke tas ka tsince duk dodon koɗin da ka gani da ƙwansa, ka jiƙa a ruwan alam, babban cokali ɗaya a lita 4, kwana biyu, ka ɗauraye sannan ka ajiye a bokiti daban inda akwai haske sati biyu zuwa uku kana dubawa. Kuma dan Allah in shuka ta yi maka yawa ka shanya ta ta bushe ka zuba a shara, kar ka watsa a kwata ko rafi. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ta toshe hanyoyin ruwan Legas tun wajen 1984 asalinta daga Kudancin Amurka take, kyawun furenta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa.

Tambaya: Anti na ce in tambaya, tun da sanyi ya shigo shukarta ta tsaya cak, ko ta ƙara taki? Daga Bukuru.

Amsa: Ki ce wa Anti ta rage ma. Jos tudu ne, sama da mita 1,200, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan akwati ya bi shi, shuka ta rage ci. Ta sayi ƙaramar hita ta akwatin kifi ta saita a 24 ko 25, kifin ma sun fi shukar buƙata. In babu wuta da dare ta lulluɓe akwatin da bargo. Vallisneria da Java fern sun fi jure sanyin.

Tambaya: Ina da goldfish huɗu, duk abin da na dasa sai su tone su cinye. Daga wata ɗaliba a Lugbe.

Amsa: 'Yar uwa halinsu ne, goldfish da karfasa da tarwaɗa ba sa barin shuka ta zauna lafiya. Anubias da Java fern ɗaure a kan dutse su ne kawai ke tsira, don ganyen ya musu tauri kuma babu abin tonewa. Dutsen ki ɗiga masa ruwan binega tukuna, in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa zai canja miki ruwa, ki nemi wani, irin dutsen da ake fasawa a Mpape ba ya yin haka. Taki kuwa ba sai kin saya ba, kashin goldfish huɗu ya ishi shukar har ya yi yawa, ki dai dage da canjin ruwa duk sati.