Fitila mai caji da injin batir na kwale-kwale: abin da na gani a Madarunfa

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka. Ka ce Baba ya manyanta ya sakar maka kwale-kwalensa a tafkin Madarunfa, kana son fitila mai caji mai jefa haske nesa don fitar dare, da injin huda katako mai batir don gyare-gyare, kuma kuɗin hannunka na saye ɗaya ne, babu na gwaji. Ni kafinta ne a nan Maraɗi, amma surukaina masunta ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina zuwa yi musu gyaran jirage idan ruwa ya ja baya. Abin da zan gaya maka da aljihuna na koye shi.

Ka sa a ranka cewa batir za ka saya. Fitilar da injin gangar jiki ce kawai, batir ne ransu, kuma shi ne abin da mai shago ba ya buɗe maka.

Fitilata ta farko wata ƙatuwa ce mai mariƙi kamar buta. Nauyinta ne ya ruɗe ni, na ce wannan za ta yi ƙarko. Ashe batirin dalma ne a cikinta. Na yi aiki da ita wata biyu, na jefa ta ɗaki duk damina ba caji, ban san cewa batirin dalma idan ya daɗe a ƙare ba ya komawa daidai ba. Wani dare cikin hunturu na raka surukina duba taru. Ta cika fal a gida, amma muna tsakiyar ruwa haskenta ya yi ja, ya mutu. Hazo ya rufe ko'ina, ba ka ganin gaɓa, ba ka ganin tauraro. Tsohon ya ce kada in taɓa filafili, mu zauna. Haka muka zauna cikin sanyi har aka kira assalatu a gari, muka bi muryar ladan muka fito. Har yau idan na tuna cewa da ɗan yaro muka fita a daren nan, gabana faɗuwa yake.

Don haka ka nemi mai batirin litiyom, kuma wadda ake kwance gindinta a ciro batirin. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne 18650. Lambar girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Na gaskiya ba ya wuce mAh 3500 ko kusa da haka, mAh kuwa awon yawan cajin da batir ke ɗauka ne. Idan ka ga an rubuta 8800 ko 9900 a jikinsa, ajiye shi, ƙarya ce. Na kirki yana kai giram 45 ko ɗan fiye. Jabun sau da yawa sai ka ji shi sakayau a hannu. Ni har wurin mai awon zinariya nakan kai a ɗora mini a sikeli. Amfanin wadda ake cire wa batir shi ne kana da biyu a aljihu cikin leda, ɗaya ya ƙare ka sa ɗaya, kuma ranar da ya tsufa shi kaɗai za ka canza.

Sai maganar ruwa. Duba inda aka rubuta IP da lamba biyu. IPX4 fantsama kawai take jurewa. IP67 ita ce aka gwada a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, kuma ƙura ba ta shigarta, wanda mu nan ba ƙaramin abu ba ne. Amma rubutu ba ya hana ruwa shiga, robar da ke bakin murfi ce ke hanawa. Kwance ka gani da idonka, ka duba ko ramin caji yana da marfin roba mai kamawa. Kuma ko ta jure ruwa, idan ta nutse cikin taɓon tafkin nan ta tafi ke nan. Ɗaura mata igiya da ƙaramar gorar roba marar komai a ciki.

Kada yawan lumen da ke kwali ya ɗauke maka hankali. Lumen yawan haske ne, ba nisansa ba. Nisa yana zuwa daga faɗi da zurfin kwanon da ke bayan gilashi. Ka roƙi mai shago ka gwada ta bayan magariba, ka haska bango mai nisa. Idan akwai mai haske ɗan rawaya-rawaya, ita na fi so: farin nan mai shuɗi-shuɗi cikin hazo dawo maka yake a ido, kuma ya fi tara ƙwari. Sannan babbar fitila ta neman gorar taru ce da gaɓa, kunnawa ake a kashe. Aikin cire kifi daga taru hannu biyu yake so, sai ƴar ƙaramar ta goshi. Ita ce ma za ta fi yi maka aiki, kuma ba ta da tsada.

Injin huda kuwa, ga abin da ke rikita mutane: wani an rubuta 18V, wani 20V, mai shago ya ce na 20 ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne. Ƙwayar batir biyar ce a jere cikin duka biyun. Wani kamfani ya rubuta awon lokacin aiki, wani na lokacin da aka cire daga caji. Lambar Ah ce ke nuna daɗewa, 4Ah ninkin 2Ah ne. Batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt, saboda haka ranar da ka sayi injin farko ka zaɓi gida ke nan. Zaga babbar kasuwa tukuna ka ga batirin wane kamfani ake samu shi kaɗai ba tare da inji ba, Ingco ne ko wani, ka bi wannan. Inji mai kyau da sai an aika Kano kafin a samo masa batir zai kwana wata a akwati.

Idan na hannu za ka saya, juya cajar ka karanta. Wutarmu 220 ce. Kayan da suka fito daga Amurka da yawa na 120 ne, kana sokawa ta ƙone. Na ga wannan da idona sau biyu.

Injin huda kaɗai ya ishe ka a yanzu, da batir biyu. Babban amfaninsa a jirgi shi ne ka fara huda katako kafin ka buga ƙusa, kada ya tsage, don ta tsaguwar bakin ƙusa ruwa ke fara shiga. Injin yankan ƙarfe mai batir shan caji gare shi, ka bar shi sai gaba. Zarto da gizago da guduma suna nan daram, babu injin da ya kore su daga hannuna.

Kada injin ya kwana cikin jirgi. A gaɓa ake gyara. Idan dole ka shiga da shi, sa shi a bokitin fenti mai murfi. Batirin da ya faɗa ruwa kada ka sa shi caji ko da ya bushe daga waje, ajiye shi a fili nesa da ɗaki, don yana iya kamawa da wuta daga baya. Zafi ma maƙiyinsa ne. Litiyom ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a Afrilu da Mayu. Yi caji da dare ko da sassafe, a inuwa, bisa siminti, ba bisa katifa ba. Idan da hasken rana kake caji, faifan ya sha rana, batirin yana inuwa. In kuma akwai jarkar fetur a jirgin, sauke ta kafin ka kunna injin, don inji mai gawayi, wato mai ƴan guntayen gawayi da ke gogar motarsa, tartsatsi yake yi a ciki.

In ka ga wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton jikin batirin da na cajar ka turo kafin ka biya, zan duba maka. Ka gaida Baba, ka ce kafinta na yi masa fatan ƙarin lafiya.