Tsohon gidan gajiyayyu ya fara tsagewa: a sa masa siminti?

Malam, ka ce gidan ƙasa da wata ƙungiyar addini ta gina wa tsofaffi da gajiyayyu a nan Maradi ya fara tsagewa, kwamitinku kuma na son shafe shi da siminti. Don Allah ku dakata. Siminti kan tubalin ƙasa yana kulle danshi a ciki. Waje ya yi kyau, ciki na ruɓewa, bayan damina biyu sai yaɓen ya ɓantalo da ƙasar gaba ɗaya. Haka ya faru da zauren kakanmu.

Ku fara da ruwa, don shi ne babban abokin gaba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ma ta sa garin nan ya hau tudu. Ku gyara indararo, ku duba azarar da gara ta ci, sannan tsohon magini ya sake yaɓe da ƙasa da makuba.

Kafin a taɓa zanen bango ko ƙofa, ku ɗauki hotuna, ku je ofishin al'adu na jiha, saboda dokar 97-022 ta 1997 tana kare kayan tarihi. In tsagar ta kai hannu ya shiga, a fitar da tsofaffin daga ɗakin yau, a kira injiniya.