Me muke karantawa a Zangon Kumasi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ya gida, ya mutanen Kano?

Kin tambaye ni littafin da ke hannuna yanzu, kika haɗa da cewa wai mu Hausawan Ghana muna karanta littattafan Hausa irin naku kuwa. Bari in fara da ta biyun.

Masu karanta su ba su da yawa. In kika shigo Asawase ko Aboabo ko Sabon Zango, Hausa za ki ji tun daga bakin mai koko har direban tasi, har a wurin Dagomba da Mossi da Kotokoli da Zabarmawa, domin ita ce ta haɗa mutanen Zango. Sai dai a baki take da kunne, ba ta sauka a takarda ba. Harsuna 11 gwamnati ta zaɓa ana koyarwa a makarantu, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana ba da labarai da ita. Yaronmu da safe Turanci da Twi, da yamma ko Asabar da Lahadi allo da Larabci. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa ƙ da ɗ da ɓ. In zai tura saƙo a waya da ƙa'idar Turanci yake rubutawa, abinci ya koma "abinchi". Ga shi Hausarmu ba ta cika raba namiji da mace ba. Yarinya sai ta buɗe littafin soyayya na Kano, ta yi shafi biyu tana haɗa baƙi da ƙyar, ta ajiye.

Amma kar ki ɗauka labaranku ba sa zuwa mana. Da kunne suke shigowa. Akwai shagon ɗinki kusa da gidanmu, uwar shagon takan jingina waya da gwangwanin zare ta kunna masu karanta littafi a YouTube, keke na tafiya labari na tafiya. In aka zo inda kishiya ta shirya makirci sai ki ji ƙafafu sun tsaya cak, yaran shago sun kaure da gardama, wata ta ce a mayar baya ba ta ji abin da uwar miji ta faɗa ba. In kalmar Kananci ta shige musu duhu sukan ajiye ta sai na zo karɓar ɗinki. Ni kuwa na iya karatun boko na Hausa ne albarkacin Magana Jari Ce na ɗaya, wanda wani mai fataucin goro ya kawo wa babanmu tsaraba, daga baya shafin BBC Hausa ya ƙarasa ni.

Maza da malamai nasu daban ne. A bakin babban masallaci za ki ga an baje Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, wasu ma bugun Kano ne. A karanta da Larabci, a fassara da Hausa, haka ake yi a zaure, haka ake tafsirin azumi, haka ake Ishiriniya a watan Maulidi. Tun 1987 aka shigar da makarantun Islamiyya da yawa ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, ana haɗa Turanci da Larabci. A irinsu nake koyarwa, kuma ko a nan ɗin in darasi ya cije wa yaro da Hausa ake warware masa, amma ba a rubuta ta a allon aji.

To, littafin da ke hannuna na Turanci ne, The Hundred Wells of Salaga, na Ayesha Harruna Attah, 'yar Ghana, wanda ya fito a 2018. Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanja, wato ƙasar Gonja a arewacin Ghana, inda kakanninmu ke sauke jakuna su ɗauki goro. Labarin mata biyu ne: Aminah, 'yar ƙauye da mahara suka kama suka sayar, da Wurche, 'yar sarautar Gonja mai son a ba ta wuri a shawarar mulki alhali aure ake shirya mata. Yaƙin basasar 1892, wanda ya watsa garin, yana tafe a bayansu.

Littafin ya hana ni sakat, Hajiya. Mu a Zango in ana labarin Salaga, goro ake faɗa da ayari da madugu da malamai. Ba a cika faɗin cewa a kasuwar nan har mutum ake ciniki ba, kuma fatakenmu na cikin masu saye. Marubuciyar ta faɗa da bakinta cewa wata kakarta ta can sama baiwa ce da ta bi ta Salaga, shi ya sa ba ta yi wa kowa kara ba, na gida da baƙo. Na ji daɗin yadda ta sa wa malamar Wurche suna Jaji, nan take na tuna da jajiyoyin Nana Asma'u masu bin ƙauyuka suna koyar da mata. Inda ban gamsu ba shi ne soyayyar Wurche da Bajamushe. A ganina an cusa ta ne, ta cinye shafukan da na so a ba wa rayuwar unguwannin fatake.

Shi ya sa nake haɗa shi da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda muke kira Alhaji Umaru Karki. Nan ne nake so ki saurara, don ɗanku ne. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙi ya sa ya koma Kete-Krachi ya zama limami, can ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci a kan yaƙin Salaga, ya yi da Hausa a kan zuwan Nasara, ya kuma rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da ajami. Wadda nake bi yanzu ita ce Waƙar Talauci da Wadata. Kwafin hoto ne wata ɗaliba ta samo mini daga Jami'ar Ghana da ke Legon, inda aka tara rubuce-rubucen malamanmu tun shekarun 1960. Ajamin yana ba ni wuya, sai na kai wa wani tsoho a unguwarmu, yana bin layi da ɗan yatsa yana rerawa, ni kuma ina mayarwa boko a littafin rubutu. Yadda ya kwatanta wulaƙancin da ake yi wa matalauci da fadancin da ake yi wa mai dukiya, sai ki rantse jiya ya halarci wani bikinmu. Hausarsa kuwa garau take, ta fi kusa da taku a kan tamu ta yau.

Da a ce akwatin littattafan kakanmu na nan da ban je nema har Legon ba. A 1969, da gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, ƙanensa ya ɗauki akwatin ya nufi Najeriya da shi, tun daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

In na gama waɗannan, The Deep Blue Between ne a layi, na marubuciyar nan dai, wanda ya bi tagwayen ƙannen Aminah, Hassana da Husseina. Bayan shi zan maimaita The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi ne, ya fito a 2005. Shi ma da Turanci ya rubuta, amma mai shayinsa da 'yan gulmar layinsa duk na san irinsu. Kin ga inda muke ke nan: marubutanmu na yanzu suna ba da labarinmu da Turanci, mutanen da ake ba da labarin nasu kuma da yawa ba za su karanta ba.

Daga wajenku kuma ina da bara. Ki nemo mini Magana Jari Ce na biyu da na uku, da Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na takarda nake so, ba na waya ba. Niyyata in riƙa zama da 'yan matan ajina ranar Asabar bayan la'asar, kowa ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ko da tuntuɓe ne. Akwai wata ƙawata da ke zuwa sarin atamfa da turare a Kano bayan Sallah, zan sa ta neme ki. Kuɗin littafi kuma kar ki ce kyauta, ki faɗa mini nawa ne.

A gaida Alhaji da yara.