Daga yashe gota zuwa kujerar asambuli: amsa ga ƙanenmu na Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce shekara huɗu ke nan kai da abokanka kuna yashe gota a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, duk ƙarshen wata, kuna kuma tara wa marayu kuɗin makaranta, yanzu jama'a sun fara ce maka ka fito takara. Kana so ka wakilci matasan Zango a matakin yankin Ashanti, kana tambayar ta ina ake farawa da abin da ake kashewa.

Gyara ɗaya tukuna. A Ghana babu majalisar yanki da ake shiga da ƙuri'ar jama'a. Ministan yanki shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, a duk yankunan 16. Wakilin yanki a Majalisar Ba da Shawara ta Ƙasa ma mutum biyu-biyu daga kowace asambuli, wato majalisar gunduma, ke zaɓensa, ba mu da ke layi ba. Kujerun da talaka ke dangwala wa yatsa huɗu ne: yunit kwamiti (kwamitin unguwa), asambuliman (wakilin unguwa a asambuli), ɗan majalisar dokoki, shugaban ƙasa. Naka a yanzu biyun farko ne. Kuma tun 2012 Aboabo, Asawase, Sawaba da Akurem suna ƙarƙashin asambulin Asokore Mampong, ba asambulin birnin Kumasi (KMA) ba, don haka can za ka nemi ofishin hukumar zaɓe da duk takardar da ta shafe ka.

Sharuɗɗan ba su da nauyi. Ka zama ɗan Ghana mai shekara 18 ko fiye, sunanka na cikin rajistar zaɓe, kana zaune a cikin gundumar, kuma ba a bin ka haraji, ko ka yi yarjejeniyar yadda za ka biya. In kana da shago ko kontena, je ka biya kuɗin lasisin asambuli tun yanzu ka adana rasit, domin abokin hamayya ta nan yake fara tono. Fom kyauta ne, ba a ajiye ko sisi. Mai neman asambuli yana buƙatar mutum 20: wanda ya gabatar da shi, wanda ya mara baya, da wasu 18. Yunit kwamiti mutum 10 ne. Dukansu dole rajistarsu ta kasance a cikin mazaɓarka, wato yankin da asambuliman ɗaya ke wakilta, kuma nan ake yawan faɗuwa. Abokinka da kuke shan ataya kullum a bes ɗinku, wurin hirar samari, yana iya zama ɗan Aboabo da haihuwa, amma ƙuri'arsa tana Tafo ko Ayigya tun da ya yi rajista a can. Hannunsa a fom ɗinka bai da amfani. Karɓi katin zaɓen kowa ka duba lambar rumfarsa da idonka, ka tanadi mutum biyar na ko-ta-kwana, kar kuma ka ɗauki wanda ya riga ya sa wa wani ɗan takarar hannu. Kai fom ranar farko da aka buɗe. Wanda ya kai da yammacin ranar ƙarshe, in aka ga kuskure, ba shi da lokacin gyara.

Wannan zaɓe ba na jam'iyya ba ne. Sashe na 248 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ka tsaya da sunanka, ba da tambarin kowa ba, jam'iyya kuma ba za ta ɗauki nauyinka ko ta yi maka kamfe ba. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 don a sauya wannan, aka soke ta kafin ranar, don haka doka tana nan yadda take. Kowa ya san a ƙasa jam'iyyu na da 'yan takararsu, ana raɗa a kunne cewa wane namu ne. Amma kai kar ka sa lemar jam'iyyar NDC ko giwar jam'iyyar NPP a fosta, kar ka jera launukansu ma da dabara. Ban da haɗarin ƙara, akwai asara ta lissafi: Asawase, mazaɓar majalisar dokoki da Aboabo ke ciki, wuri ne da NDC ke da ƙarfi a tsakiyar yankin da NPP ke da rinjaye, kuma a gida ɗaya za ka tarar da ɓangarorin biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Aikin gotar da ka yi shi ne kaɗai jarin da ke ba ka ƙuri'ar duka biyun. Ranar da ka yi wa kanka fenti, ka zubar da rabi.

Yanzu ga wurin da masu fafutuka irinka ke shan mamaki. Mutum yana da mabiya dubbai a Facebook da TikTok, bidiyonsa na yawo har Jamus da Amurka, ranar ƙidaya ya tashi na huɗu. Dalili kuwa masu yaba masa ba su da ƙuri'a a mazaɓar. A wannan zaɓe wajen kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne ke fitowa. Na 2019 da na 19 ga Disamba 2023 duk ranar Talata aka yi su, mutane na kasuwa da wurin aiki. Ɗauki misali: rajista mai mutum 6,000, a ce 2,000 suka fito, ku biyar kuke takara. Mai ƙuri'a 700 yana iya lashewa, don wanda ya fi yawa shi ya ci, babu zagaye na biyu. Ashe aikinka ba ka burge Kumasi ba ne. Mutum 800 kake nema waɗanda ka san sunansu, gidansu da rumfar da suke zaɓe.

Yadda ake yinsa: sayi littafi babba, ka raba shi rumfa-rumfa. Kowace rumfa ka sa mata mutum biyu, namiji da mace, 'yan layin, ba baƙi ba. Su bi gida-gida su rubuta suna, lambar waya da lambar katin zaɓe, su sa alama uku: namu, mai shakka, na wani. Duk wanda ya ce maka “in sha Allahu muna tare” a bakin masallaci, rubuta shi a mai shakka. Mutanenmu ba sa ce wa ɗan unguwa a'a a fuska. Abin da littafin ya nuna a matsayin namu, rage kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura shi ne gaskiyarka. In ka soma da wuri za ka kuma gano matasan da suka kai 18 ba su yi rajista ba, ka kai su lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe ƙaramar rajista, da waɗanda ya kamata su mayar da ƙuri'arsu gida. Wannan aikin shekara guda ne kafin zaɓe, kuma tun da bayan shekara huɗu-huɗu ake yi, lissafinka ya tsaya a kan 2027.

Gaisuwa tana da tsari, kuma ana lura. Fara da gidanku, domin in baffanka ya ji labarin takararka a bakin wani, ka rasa gidan gaba ɗaya. Sai limamin masallacinku, sai sarakunan ƙabilu. Kar ka tsaya a kan Hausawa kaɗai: Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Wangara, Kotokoli, Fulani, Frafra, kowa da sarkinsa da magajiyarsa, ga kuma Asantawa masu gidaje da coci-cocinsu. Kar ka je kai kaɗai, ka tafi da dattijon da zai yi magana a madadinka, da goro a hannu. Albarka za ka nema, ba goyon baya a fili ba, don ba kowane sarki ke son a gan shi ya ɗauki ɓangare tsakanin 'ya'yansa ba. Maganar Tijjaniyya da Ahlus Sunna kuwa, ka yi salla inda ka saba, ka gaisa da kowa, kar ka bari a ja ka ciki.

Ƙuri'ar gaske tana wurin mata. Su ke gida da rana ranar Talata, su ke fita layi, su kuma suka san gidan da ruwa ya shiga a daminar bara. Ƙungiyoyin awure da suna, masu adashi, masu koko da ƙosai da masu wake na safe, malaman makarantar yara: mace ɗaya da ta yarda da kai a cikin waɗannan ta fi bes uku na samari masu ihu. Abin kunya ne ma a ce matan da ke cin kujerar asambuli a ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. In a ƙungiyarku akwai 'yar'uwa mai ƙwazo, ku tsayar da ita yunit kwamiti, kujeru biyar ne a kowace mazaɓa.

Hukumar zaɓe tana shirya dandali inda duk 'yan takara ke bayani gaban jama'a. Minti kaɗan za a ba ka. Yi Hausa, ka juya Twi, ka ambaci abu uku kacal da wurarensu: gotar layi kaza, fitilar kwana kaza, kwandon bolar da ya cika ba a ɗauka. Kar ka yi alkawarin titi ko aikin yi. In za ka yi gangami naka a kan hanya, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce kwana biyar kafin ranar. Kuma ka ja kunnen yaranka. Tun 2019 akwai doka mai tsanani kan 'yan bangar siyasa, kuma mun gaji da a ce ɗan Zango ne ake haya idan ana neman mai faɗa.

Kuɗin da ke tafiya: fosta, hayar lasifika da kujeru da kanofi, man babur, katin waya, abincin ejan-ejan, wato wakilanka a rumfuna, ranar zaɓe. Wanda ya fi cin aljihu kuwa ba ya cikin lissafin kowa, wato gudummawar suna, awure da adu'a, waɗanda ke ninkuwa daga ranar da fostarka ta hau bango. Yanke wa kanka adadi ɗaya da kake bayarwa a ko'ina, kar ka ƙara don an kira ka Onarabul. Kuɗin marayu kuma kar ya kusanci kamfe. Sauka daga shugabancin ƙungiyar kafin ka karɓi fom, ka miƙa littafin kuɗi da lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, a gaban shaidu. Jita-jitar “da kuɗin marayu ya buga fosta” ba ta buƙatar hujja kafin ta kashe takara.

Takardar ƙuri'a hotonka ne a kai, ba tambari. Hoton da ka kai hukumar zaɓe shi za ka sa a fosta, hula ɗaya, riga ɗaya, saboda tsohuwar da ba ta karatu fuska take nema. Koya wa mutanenka su goge yatsa kafin su naɗe takarda, kada tawada ta taɓa gurbin wani ɗan takara ta lalata ƙuri'ar. Ana buɗewa 7 na safe, a rufe 5 na yamma, a ƙirga a nan rumfar. Sa ejan biyu a kowace rumfa su riƙa karɓar juna lokacin salla. Ƙidaya takan ci karo da magariba, duhu na shigowa, kowa ya gaji. A wannan rabin awar ne ake buƙatar wanda ke tsaye da tocila da waya mai caji, ya ga an rubuta adadi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa.

In Allah ya ba ka, ka san abin da ka samu. Ba albashi ba ne, alawus ne da bai kai buƙatun da za su yi sallama a ƙofarka da asuba ba. Ba ka da asusun ayyuka a hannunka. A zauren asambulin ma har kashi 30 cikin 100 na mambobi naɗaɗɗun shugaban ƙasa ne. Ƙuri'unka biyu na farko su ne masu nauyi: zaɓen shugaban zaure, da amincewa da MCE, wato shugaban gunduma, da shugaban ƙasa ya aiko, wanda sai ya sami kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta suka jefa. A nan ambulan ke yawo, a nan kuma ake gane farashin sabon shiga.

Zauren gaba ɗaya sau kaɗan yake zama a shekara, aikin yana cikin ƙananan kwamitoci. Nemi na ayyuka ko na kuɗi da gudanarwa. Gotar da ba ta shiga tsarin raya gunduma na shekara huɗu ba, ba ta kuma shiga kasafin da ake amincewa da shi wajen Oktoba ba, ko ka yi bidiyo ɗari ba za a zuba mata siminti ba. Rubuta wasiƙa da hotuna da tsawon wurin a mita, kai wa jami'in tsare-tsare da injiniya, ka karɓi kwafi mai hatimi. Ko ta shiga, kason asusun bai ɗaya na asambuloli, wanda kundin tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, yakan makara, sai ka riƙa gaya wa jama'a inda takarda ta tsaya tun kafin su tambaya. Ka kuma san ƙofar kowa: babban rafin Aboabo ya fi ƙarfin asambuli, aikin hukumar manyan magudanai ce da ake kira Haidro, fitila da taransifoma akwai hannun kamfanin lantarki na ECG, ga kuma Asusun Raya Zango da dokar 2017 ta kafa.

Majalisar dokoki, in can idonka yake, shekara 21 ake nema, amma ƙofarta jam'iyya ce da daliget, wato wakilan da ke fitar da ɗan takara. Muntaka Mubarak yana kan kujerar Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005, ka ga ba wurin da ake faɗawa da farin jinin intanet ba ne. Masu zaɓen ɗan takara shugabannin rassa ne da na rumfuna, kuma akasarinsu su ne mutanen da za su shiga littafin nan naka. Ka turo sunan mazaɓarka da yawan rumfunanta, a taya ka lissafin ƙuri'ar da za ka nema a kowace.