Tambaya da Amsa: Minti nawa zan yi gaban kwano bayan aikin rage ƙiba?

Assalamu alaikum masu karatu. Makon nan saƙo uku ne suka faɗo a kan magana guda, wato cin abinci bayan an yi ma mutum aikin rage ƙiba, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Tanti barka da aiki, ina gajiya. Daga Bukoki nake rubuto miki nan Yamai. Wata uku kenan da aka yi mini aikin rage ƙiba a Tunis, irin wanda suke ce ma silib, saboda ciwon sikari da tansiyo da gwiwoyi da suka hana ni sakat. Alhamdulillahi kilo yana sauka, amma Tanti cin abinci ya zame mini tashin hankali, loma huɗu biyar sai in ji abu ya tokare mini ƙahon zuci, yawu mai kumfa ya cika mini baki, sai na je na amayar kafin in samu kaina. Mu gidanmu tire guda muke ci da abokiyar zamana da yara. Uwar mijina har ta fara cewa aikin ne ya ɓaci ko kuma hannu aka sa mini. Lokotoro ya ce in riƙa ci a hankali, to dan Allah a hankalin nan minti nawa ne?

AMSA: Ƴar'uwa sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Minti 20 zuwa 30 a kowane zama, wannan shi ne abin da yawancin masu yin aikin nan suke gaya ma mutanensu. Amma in na ba ki lamba kawai na yi shiru ban taimake ki da komai ba, don na san tiren nan da kike magana, kuma shi ne rabin matsalarki.

Bari ki ji abin da aka yi a cikinki tukuna. Tumbin babban mutum, wato jakar da abinci ke sauka, yana ɗaukar lita guda ko ma fiye, yana miƙewa in an cika shi, kuma shi ke murza abinci ya niƙa duk abin da haƙori ya yi ma ha'inci. A aikin silib ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage siririn bututu ne mai ɗaukar mililita 100 zuwa 150, ko rabin kwalbar lemu bai cika ba. Kin san in kina ɗura mai a buteli da mazurari, in kika zuba sannu sannu duk ya shige, in kika tuttula sai ya yi sama ya malalo. To haka nan ne. Tokarewar da kike ji da yawun nan mai kumfa, abinci ne ya yi layi a maƙogwaro bai samu wurin shiga ba.

Sannan ga wani abu, saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take, yana ɗaukar wajen minti 20. Da can in kin zarce ba komai, jakar tana da sarari. Yanzu loma guda ce tsakanin daidai da amai, kuma in kina sauri kina wuce lomar nan kafin jikinki ya ce miki tsaya.

Yanzu ki duba tirenku da rana. An juye shinkafa da miya, yara sun kewaye, hannuwa suna kai da komo, kafin minti goma an kai ga ƙanzo. Ba wanda ya ce ki yi sauri amma hannunki bin na kusa da ke yake yi, haka muka tashi duk, wanda ya yi sanya gaban kwano shi ke tashi da yunwa. Ga kuma tuwo, mu faɗi gaskiya, wa ke tauna tuwo? Ana gutsura a murza a dangwala miyar kuka ko ta kuɓewa sai santsi ya wuce da shi. Wannan haɗiyar ita ce ta fi komai wahal da waɗanda aka yi ma aikin nan a wajenmu, kuma takardar da aka ba ki a Tunis ba za ta faɗe ta ba tunda su ba tuwo suke ci ba.

Ni dai shawarata kar ki bar zama da iyalinki, ware kai a ɗaki yana sa mutum damuwa kuma yana ƙara ma masu surutu abin faɗi. Ki zauna tabarma guda da su amma a ɗebar miki naki a ɗan faranti tun kafin a sa hannu, ki ci da ƙaramin cokalin shayi, ko in da hannu ne lomar kar ta wuce kan babban yatsanki. Ki tauna sau 20 zuwa 30 har sai ya koma kamar kunu a bakinki, ki haɗiye, ki aje cokalin ƙasa, ainihin ajewa ba riƙewa a hannu ba, ki ɗan yi hira ko ki sa ma ƙaramin yaro ido, wajen minti guda sannan ki sake ɗauka. Kwanakin farko ki aje salula kusa ki duba lokacin da kika fara, za ki sha mamakin yadda minti biyar ke yi miki kamar ashirin. Amma kar ki shiga Facebook ko kallon tele kina ci, hankalinki na can baki zai koma tsohon halinsa.

Tunda wurin kaɗan ne, abin da ya fara shiga shi ke da gida. Ki fara da mai gina jiki, kifi, ƙwai, kaza mai romo, wake da ya dahu luguf, nono marar sikari, don ana son ki samu giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini, in ba haka ba tsoka ce za ta narke tare da kitsen kuma zubar gashi ta ƙaru. Bayan shi ganye, zogale da ya dahu sosai ko miyar ganye, in da sauran wuri sai tuwo ko shinkafa cokali biyu uku. Shinkafa da burodi da taliya da busasshen nama su ne suka fi tsaya ma mutane a watannin farko.

Kuma minti 20 ɗin nan ba wai dole sai kin cika shi kina tura abinci ba. In a minti 12 kika ji shaƙuwa ta taso, ko gyatsa, ko hanci ya fara zuba, ko atishawa, ko ɗan nauyi a ƙirji, to kin ƙoshi kenan, irin ƙoshinki na yanzu, ki ture farantin ko da saura a ciki.

Uwar mijinki kuwa damuwa ce ta sa ta faɗi haka, tana ganin surukarta tana ramewa tana amai. Ki zauna da ita ki ce Inna cikin ne aka rage da gangan, ki nuna mata ɗan kofi ki ce iyakarsa kenan, sau da yawa tsofaffi in suka gane su ke komawa masu tsare ka daga masu cewa ƙara loma. Amma akwai inda ba na son ki tsaya gyaran loma. In kin rage sauri kuma har yanzu kullum sai kin yi amai, ko ruwa ma ba ya wucewa, ko zazzaɓi da bugun zuciya da ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, ko ƙafafu suna mutuwa, ko gani yana rabuwa biyu, ki kwashi takardun aikinki ki tafi likita a ranar, kar ki ce sai ranar komawa Tunis. Wani lokaci bututun ne ke tsukewa a wani wuri, kuma amai na makonni yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa kuwa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni, ina lahiya. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, wata 14 da yi mini aikin rage ƙiba irin wanda suke ce ma baifas. Ni ban da matsalar amai ko kaɗan, dabarata ina aje kwano gehena cikin shago tun azahar ina tsakura kaɗan kaɗan har la'asar. Amma kilo ya tsaya, har ya ƙaru da huɗu. Kuma in na sha hura ko shayi sai zuhwa ta keto mini, zuciya na dukan uku uku, wani lokaci sai na kwanta bisa buhu. Mi ke kawo wanga abu?

AMSA: Alhaji barka da kasuwa. Kai kuma ka faɗa ɗaya gefen ne, kuma gaskiya naka ya fi ba ni tsoro don ba ya ciwo, shi ya sa mutum ba ya farga. A baifas ƴar jakar da aka bar maka wajen mililita 30 ce, an haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Amfaninta shi ne ta cika ta tsayar da kai. In ka shimfiɗa cin abinci awa biyu uku, kana sa loma tana wucewa kana sa wata, jakar ba ta taɓa cika ba balle ta ce maka ya isa, sai ka wayi gari ka cinye kwanon da kake cinyewa kafin aikin, a hankali kawai. Shi ya sa ake cewa in minti 30 ya cika a ɗauke kwanon. Ka ba yaron shago ya tafi da shi, kar ka rufe ka aje gefe don hannu zai koma. Ci uku a yini, in lokotoronka ya yarda ka ƙara ƴan ƙanana guda ɗaya ko biyu masu lokacinsu, tsakaninsu ba gyaɗa ba biskit ba dabinon da baƙo ya miƙo. Dama tsakanin wata 12 zuwa 18 saukar kilo takan lafa kuma yunwa takan fara dawowa, to daidai lokacin ne tsakure ke yin ɓarna.

Zufar nan kuwa sikari ne. Da can akwai ƙofa a ƙasan tumbi mai sakin abinci kaɗan kaɗan, a baifas an kewaye ta, don haka abu mai zaƙi mai ruwa yana faɗawa hanji gaba ɗaya, sai ya jawo ruwa daga jini, minti 10 zuwa 30 bayan sha ka ji zufa, jiri, bugun zuciya, wani har zawo. Akwai kuma mai zuwa daga baya, awa 1 zuwa 3, lokacin da jiki ya saki insulin, wato sinadarin da ke sauke sikarin jini, da yawa sikarin jini ya faɗi, mutum ya kama kyarma ya rikice, kuma wannan in ya same ka bisa moto ba wasa ba ne. In har yanzu kana shan maganin ciwon sikari ka gaya ma lokotoro a sake duba adadin. Na san zaman shayi a Tawa ba abin da ake tashi a bari ba ne, ka zauna da mutanenka amma ka ce a zuba maka naka kafin a sa sikari, kofi guda ya isa. Hura ma a dama maka kaɗan da nono mai yawa ba sikari, ka sha da cokali ka lissafa ta a matsayin ci guda. Cuku yana da kyau gare ka sosai, sai dai ka jiƙa shi ya yi laushi ka tauna da gaske, kilishi ma haka, ɗan yanki.

TAMBAYA: Tanti an hana ni shan ruwa a kan abinci, ga zafin Yamai. Yaya zan yi? Kuma azumi fa? Wata biyar da aikina.

AMSA: Ɗiyata hanin yana da dalili, ruwa a kan abinci ko ya cika wurin ki yi amai, ko ya wanke abincin ya wuce da wuri yunwa ta dawo. Ki tsaya da sha wajen minti 30 kafin ci, ki jira minti 30 bayan kin gama. Sauran yinin duk naki ne, kuma ana son lita 1.5 zuwa 2, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a watan Afrilu da Mayu ma har fiye. Sai dai kurɓa za ki riƙa yi ba kwankwaɗa ba, ki juye a buteli ki riƙe shi duk inda kika shiga, in fitsari ya yi duhu ko kai na sarawa to kin yi baya. Lemu mai gas ki bar shi.

Azumi kuwa, a wata biyar yawancin likitocin aikin nan suna cewa a dakata, sau da yawa har shekarar farko ta wuce, don tsakanin magariba da asuba ba za ki iya shigar da ruwa da abincin da jikinki ke bukata ba da wannan ɗan cikin, ga kuma gaggawar buɗa baki wadda ita ce ainihin abin da aka hana ki. Ki tambayi wanda ya yi miki aikin, sannan ki kai ma malami amsarsa ya gaya miki hukuncin ramuwa. In layya ta zo kuma, naman nan da aka banƙare ya kwana gaban wuta aka soya shi ya bushe, shi ne ya fi tsayawa a ƙirji, ki ce a ware miki tsoka mai laushi a yi miki farfesu ta dahu har tana rabuwa da cokali, ki ci naki a ɗan farantinki.